Leɓen Labo Wanzami

Duk namijin da aka haifa a unguwarmu ta Tsarnawa cikin shekara arba'in ɗin nan, ta hannun Labo ya ratsa. Shi ya yi mashi askin suna, shi ya yi mashi kaciya, kuma ranar da ya girma ya fara ɗaukar buhun albasa har bayansa ya riƙe, wurin Labo yake zuwa ya tuɓe riga a kafa mashi ƙaho. Ni A'i na san shi tun bai san amfanin wando ba. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka taubashina ne, kuma ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. In ya hango ni sai ya ce, “Baiwar gidanmu, an tashi?” Ni ko in ce, “An tashi, mai shan jinin mutane.” Wanda ya yi fushi cikinmu shi ya ji kunya. Haka muka tarar ana yi, haka muke yi har gobe.

Kawu Mumuni ya bar ɗiya maza biyu a kan sana'a, Chindo babba da Labo ƙarami. Chindo hannu gare shi, in ya riƙe aska ba ka jin saukarta. Labo kuwa baki gare shi. Wanda bai sani ba yana tsammanin ƙaho aikin hannu ne. Hannu ajiyewa kawai yake yi. Wanzami zai jiƙa fata, ya kifa ƙahon saniya a wurin, ya kama ɗan ramin da ke tsininsa da leɓe, ya zuƙe iska har nama ya taso ciki, sannan ya turo 'yar jijiyar da ya tauna da harshe ya liƙe ramin, duk a numfashi ɗaya. In leɓe ya saki ko kaɗan, iska ta koma, ƙaho ya faɗi ƙasa. Labo yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara koyo a gindin ƙwarya. Da ƙwarya ta ishe shi ya gwada a cinyar jakin Kawu, jaki ya ba shi amsa a ƙirji. Ni na ɗauko shi daga cikin turke ina dariya, har yau bai yafe mani ba.

Da Kawu ya rasu aka naɗa Chindo Sarkin Aska na gari. Labo bai taɓa ɗaga mashi murya ba. Ko a hanya suka haɗu sai ya cire takalmi ya durƙusa, alhali shekara huɗu ce kawai tsakaninsu. Labo ya auri Zulaiha, mace mai sanyin magana, suka haifi Junaidu wanda ke tuƙa kamiyo, babbar motar siminti, a Malbaza, da mata uku da duk suna ɗakunansu. Mazaunin Labo ƙarƙashin itacen dogon yaron da ke bakin gudoro, titin kwalta, inda direbobi ke tsayawa cin nama. Yana aiki yana ba da labari, garin taba da kanwa cushe a leɓensa na ƙasa tun safe har la'asar. Na sha gaya mashi wata rana bakin nan zai kai ƙararsa. Yakan ce in nawa bakin bai ruɓe ba, nasa lafiya lau.

Shekara uku da suka wuce, bayan an cire albasa, sai ga Labo da rawani, ya ja amawali har bisa hanci. Mutumin da duk rayuwarsa hula na san shi da ita.

Na ce, “Ko Buzaye sun ba ka sarauta ba mu ji ba?”

Ya ce, “Sanyi nike ji.”

Sanyi, a watan da ƙadangare ma ke biɗar inuwa. Na ajiye abin a raina. Bayan kwana kaɗan na ji a kasuwa cewa ƙaho ya faɗo sau uku daga bayan Maikano ɗan dako, har Maikano ya mayar da rigarsa ya tafi. Labo ya ce wai ƙahon ne ya tsage. Sannan aka yi suna a maƙwabtanmu, aka miƙo mashi gasasshen nama ya sha yaji, na ga ya ƙunshe shi a takarda ya sa aljihu. Labo da nama, a aljihu. Na bi shi har zaurensa, ban yi sallama ba, na kama amawalin na ja ƙasa.

Gyambo ne a leɓen ƙasa wajen hagu, bai fi ƙwayar wake ba, bakinsa ya yi tauri, tsakiyarsa da ɓawo. Ya ce wata huɗu ke nan. Ba ya ciwo sosai, amma da ya zuƙi ƙaho sai ya tsage ya yi jini. Ya shafa man shanu, ya shafa toka, ya barbaɗa garin da Chindo ya ba shi. Su Chindo sun ce mugun jinin wani ya zuƙa ya zauna mashi a baki.

Na ce, “Ka tsaga bayan rabin garin nan ba ka ƙifta ido ba, amma kana tsoron majo ya dube ka?”

“Ba tsoro ba ne, A'i. Yaya bai ce in je ba.”

“Leɓen Yaya ne ko naka? Gobe da hantsi ina nan. In ba ka fito ba in tsaya ƙofar gida in yi shela.”

Ya san zan yi, sai ya fito. Majo, mai duba marasa lafiya a asibitin garinmu, ya taɓa gyambon, ya lalubi wuyansa hagu da dama, ya rubuta takarda ya ce mu wuce Konni. A Konni suka tsinki ɗan nama kamar ƙwayar gero suka aika da shi wani wuri. Bayan Juma'a uku muka koma da Junaidu. Lokotoro, babban likitan wurin, ya ce ciwon daji ne, amma an zo da wuri, bai yi zurfi ba, bai sauka wuya ba. Ya ce ba daga jinin kowa ya ɗauko shi ba, kuma ba ya ba kowa. Taba da rana ne suka fi kawo irinsa. Zai iya yanke wurin ya ɗinke, sai dai bakin zai ɗan tsuke, kuma wataƙila gefen ya mutu ya daina ji.

Labo ya ce, “Zan ja ƙaho?”

Lokotoro ya ce, “Baba, za ka ci, za ka yi magana. Ƙaho kam ba zan yi maka alkawari ba.”

Labo ya miƙe ya soma laluben takalminsa. Ni ban motsa ba. Shekara talatin na yi ina kai daddawa kasuwannin iyaka, na san fuskar mutumin da bai gama fito da kayansa ba.

Na ce, “Ɗana, ni in na ce wa mai saye babu, akwai wadda na ɓoye ƙarƙashin tabarma. Fito da taka mu gani.”

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce akwai wata hanya, tunda ciwon ƙarami ne. Gashi ake yi mashi daga ciki, ba a yanka, leɓe ya tsaya yadda Allah ya yi shi. Amma na'urar tana nesa, can cikin Najeriya, kuma sai su can sun duba sun yarda ya dace. Labo ya saki takalmin ya koma ya zauna.

Zulaiha ko amalanke ta hau sai ta yi amai, don haka ni na bi su, ni da Junaidu. Yini guda da rabi muka yi a mota. Labo bai taɓa wuce Illela ba, duk garin da muka ratsa sai ya leƙa ta taga yana duba askin mutane yana cewa wanzaman nan ba su da tsoron Allah.

Lokotoron can mace ce, yarinya, ba ta kai ɗiyata ta biyu ba, Hausarta irin ta gabas. Suka ɗauki hoton bakinsa da wuyansa, mai haƙori ya wanke mashi haƙora ya cire guda da ya ruɓe, sannan ta zaunar da mu ta nuna mana wasu 'yan robobi sirara kamar tsinken tsintsiya, masu rami a ciki. Ta ce uku za ta ratsa ta cikin leɓen, daidai inda ciwon yake. Akwai wani ɗan abu a cikin na'ura, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana bakin waya. Shi zai shiga ta cikin robar, ya tsaya nan kaɗan, ya matsa ya tsaya can kaɗan, yana gasa ciwon daga kusa, sannan ya koma gidansa. Ba ya kwana a jikin mutum. Za a kuma sa mashi wani abu tsakanin leɓe da dasashi don ya kare haƙora.

Labo ya karɓi robar ya juya ta, ya hura ramin, ya duba ta a haske.

Ya ce, “Wato ƙaho ne, sai dai naku turawa yake yi, namu jawowa.”

Ta ce, “Baba, da kai zan riƙa zuwa yi wa mutane bayani.”

Daga nan ya saki jiki da ita. Aka kashe mashi wurin da allura aka sa robobin, aka ɗaure bakin kowace da ɗan maɓalli. Da suka fito da shi ga wutsiyoyi uku suna reto daga gefen baki. Na dube shi na ce, “Junaidu, zo ka ga ubanka ya koma tarwaɗa.” Junaidu ya fita waje da gudu don kada ya yi dariya gaban mahaifinsa.

Kwana biyar aka yi, safe da la'asar. Su shigar da shi wani ɗaki mai ƙofa kamar ta rumbun gwamnati, su haɗa robobin da na'ura, kowa ya fito ya bar shi, suna kallonsa ta telebijin. Kafin in gama tauna rabin goro an buɗe. Ya nuna da hannu cewa ba ya jin komai. Kunu yake sha da tsinke ta ɗaya gefen, kuma an hana shi magana. Shekara sittin da wani abu ina jiran kwana biyar irin waɗannan. Na zauna bakin gadonsa na ba duk ɗakin labarin jaki. Na ba su labarin ranar da ya je zance wurin Zulaiha da aron riga, mai rigar ya biyo shi har dandali. Akwai wata mata a gado na kusa da aka sa wa irin robobin a hanci, ta riƙa roƙona in bari don dariya na ja mata wurin. Labo ba abin da yake iyawa sai ya ɗaga yatsa yana wasa shi a tafin hannu kamar aska, yana nuna ni.

Ranar da aka zare robobin, lokotoro ta miƙo takarda. Na ce ta ba Junaidu, ni ta faɗa mani da baki, don takarda ba ta magana da ni, kuma Junaidu Malbaza zai koma. Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni.

“Inna, ki riƙe wannan. Kamar Juma'a biyu zai yi kamar ya warke. Daga nan leɓen zai kumbura, ya yi ja, ya saɓule, ya yi ɓawo, har ya fi yadda kuka zo muni. Ba ciwon ne ya dawo ba, gashin ne ke aiki. Kada a tsaga, kada a kafa ƙaho, kada a barbaɗa komai. Ruwan gishiri mai ɗumi kawai, da man da na rubuta. Bayan Juma'a uku ko huɗu zai lafa. In ya yi zazzaɓi ko ya kasa haɗiye ruwa, ku kai shi wurin majonku. Taba kuwa sun rabu har abada, in zai shiga rana ya sa malafa. Aikin ƙaho sai na sake ganinsa bayan wata uku.”

Na maimaita mata sau uku har ta ce ban bar ko ɗaya ba. Ranar da muka iso Tsarnawa na maimaita wa Zulaiha a tsakar gida, mata na ji.

Kwanakin farko gidan kamar ana biki. Leɓe lafiya lau, sai 'yan ɗigo inda robobi suka ratsa. Masu sannu da zuwa suna shiga suna fita, Labo yana ba da labarin ƙofar ƙarfe, kullum tana ƙara kauri. Juma'a ta biyu ta wuce da kwana ɗaya, leɓe ya tashi. Kafin Talata ya yi kamar an soya shi. Masu zuwa dubiya suka riƙa fitowa suna girgiza kai, suna cewa wutar Nasara ta ci shi.

A gidan wanzamai akwai abin da ba a tsallakewa. Wanzami ba ya sa wa kansa aska. In ya kwanta ciwo, Sarkin Aska ke zuwa da mutanensa, askarsa ce ke fara taɓa shi kafin ta kowa, kuma wanda ya ƙi hannun Sarki kamar ya ce ya fita daga gidan ubansa ne. Chindo ya riga ya haɗiye tafiyarmu da aka yi ba da izninsa ba. Wannan karon bai ga dalilin haɗiyewa ba, kuma tsakani da Allah ƙanensa yake so ya ceta.

Ranar Laraba da hantsi ina tankaɗe sai ga Zulaiha, mayafi a karkace.

“Yaya A'i, Sarki ya zo da mutum huɗu. Sun ce a ɗora ruwa. Malam bai ce komai ba.”

Na san Labo ba zai ce ba. Na tarar da su a zaure. Labo na zaune a tabarma ya jingina da bango, ya ɗaga haɓa kamar ragon da ya ga wuƙa ya sallama. Chindo ya naɗe hannun riga yana wanke hannu a buta. Zabirarsa, jakar fatar da askake da ƙahoni ke ciki, tana bisa buzu ba a kwance ta ba tukuna. In na ce zan yi masu wa'azin lokotoro, mace ce ni a zauren maza, za su ce in koma cikin gida. Amma Chindo ma ɗan kawuna ne. Kuma taubashi in ya ɗauke maka hula ko takalmi, ba ka ƙwacewa, ba ka fushi, sai dai ka fanshi kayanka.

Na ce, “Sannunku, masu aske matattu.” Na wuce ta gabansu na zauna daram bisa zabirar.

Chindo ya ce, “A'i, tashi. Yau ba ranar wasa ba ce.”

“Wace rana ce aka hana? Nuna mani malamin da ya faɗa.”

“Ki dubi bakin yaron nan. Jini ne ya taru. In ba a fitar da shi ba zai sauka wuya. Shekara hamsin ina ganin kumburi.”

“Ka gani, ban musa ba. Amma cikin shekara hamsin ɗin, ka taɓa ganin kumburin da aka faɗi ranar zuwansa tun bai zo ba?”

Ya tsaya da buta a hannu. “Wa ya faɗa?”

Daga bayan zana Zulaiha ta yi magana, ita da ban taɓa jin muryarta gaban Chindo ba. “Sarki, ta faɗa tun ranar da suka dawo. Ta ce Juma'a biyu. Ta ce zai yi ja ya saɓule. Duk mun ji.”

Na ce, “Wadda ta san ranar zuwansa ta gaya mani ranar tafiyarsa. Kai ko ranar da ka ajiye carbinka ba ka sani ba.”

Ɗaya daga cikin mutanensa, wani mai furfura, ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Chindo ya dube shi, ya dube ni. Ba zai ɗaga tsohuwa daga kan jaka da ƙarfi ba, kuma ba zai yi fushi da taubashiya gaban yaransa ba. Sauran huɗun kowa da zabirarsa a kafaɗa, amma ba mai buɗewa kafin ta Sarki.

Ya ce, “To, baiwa. Mi za a ba ki?”

“Juma'a uku.”

“Ba a fansa da kwanaki.”

“Yau an fara. Juma'a uku ba mai taɓa leɓen nan. In ta ukun ta zo bai lafa ba, ni zan kawo maka zabirarka har gida, ni zan riƙe maka kansa.”

Chindo ya juya wurin ƙanensa. “Labo, kai mi ka ce?”

Labo ya sunkuyar da kai, da ƙyar maganar ta fito. “Yaya, ni ban iya da ita ba tun muna yara.”

Chindo ya warware hannun rigarsa. Ya ce, “Allah ya isa tsakanina da Kawunki da ya bar uwarki ta haife ki.” Ya fita, mutanensa na biye.

Na ɗauki zabira na rataye a ɗakina. Kada in yi ƙarya, makon farko na ji tsoro. Leɓen ya ƙara muni, ɓawo bisa ɓawo, Labo ya rame don kunu kawai ke wucewa. Kuma ni ma na san in ta ukun ta zo bai lafa ba, ba zan riƙe kan kowa ba, mota zan sa shi mu koma, Chindo ya yi ta tsine mani. Kullum da safe ina can. In dafa ruwa in sa gishiri, in tsaya kansa ya kurkure, in shafa man da gashin kaza mai tsabta har majo ya gani ya ce in bari, ya ba ni auduga. Majo yakan leƙo ya taɓa goshinsa ya ce ba zazzaɓi, mu ci gaba. Na kuma binciko ƙunshin taba biyu, ɗaya cikin hula ɗaya cikin rufin bukka, na zuba su a masai yana kallo.

Mako na biyu kumburi ya fara sauka. Ana saura kwana biyu Juma'a ta uku, yana kurkure baki ɓawon ya faɗo cikin kwano. Ƙarƙashinsa sabuwar fata, fara-fara, sumul, ba gyambo ba tauri. Zulaiha ta ajiye muciya ta zauna a ƙasa tana hamdala.

Bayan an sauko daga masallaci Chindo ya zo shi kaɗai. Ya kama haɓar Labo ya juya ta wajen haske, ya daɗe yana dubawa, ya taɓa da bayan yatsa. Bai ce ya warke ba. Ya ce, “Ɗinkin ba ya nunawa.” Na ce ba a yi ɗinki ba. Ya ce, “Shi na faɗa.” Na miƙa mashi zabirarsa, ya kwance ya ƙirga askakensa a gabana wai ko na sayar da guda.

Da wata uku suka cika muka koma. Lokotoro ta duba ciki da waje, ta lalubi wuya, ta ce ba ta ga komai ba, amma ya riƙa zuwa ana dubawa shekara da shekaru. Ta ce ya gwada ƙahonsa a hankali, in wurin ya tsage ya dakata.

Labo ya sayi malafa, ya share ƙarƙashin dogon yaro, ya shimfiɗa buzu ya jera ƙahoni. Mutane suka zo gaisuwa, wasu suka yi aski, amma ba wanda ya tuɓe riga. Magana ta zagaya cewa akwai sauran wuta a bakinsa, in ya zuƙe ka ta shige ka. Majo ya faɗa, ni na faɗa har muryata ta dushe, ba wanda ya ji. Kwana huɗu ƙahoni na shan rana. Shi kansa bai sani ba ko leɓen zai riƙe, don ya ƙi gwadawa ko a ƙwarya. Ya ce in zai faɗi, ya faɗi sau ɗaya.

Rana ta biyar ina zaune gefe da tallan daddawata, sai ga Chindo yana tafe da sanda. Ya ratsa ta gaban masu nama da direbobi, ya zo ya tsaya. Labo ya yi zumbur zai cire takalmi. Chindo ya ɗaga rigarsa ta sarauta ya cire ta kai, ya ninke, ya zauna a buzu ya ba ƙanensa baya.

Ya ce, “Bayan nan ya yi mani nauyi tun damina. Yi aikinka.”

Masu nama suka bar wuta suka matso. Labo ya wanke hannu, ya jefa jijiya a baki ya tauna. Ya jiƙa fatar. Ya kifa ƙaho ƙarƙashin kafaɗar dama, ya sunkuya ya kama tsinin da leɓe, kumatunsa suka lotsa. Ya ɗago ya saki hannu.

Ƙaho ya tsaya. Ya ɗan ja shi da yatsa, fata ta biyo. Ya shafa leɓensa ya dubi yatsan, ba jini. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku.

Chindo ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Na hagun nan bai kai na dama ba. Ƙara ja.”

Labo ya ce, “To, Yaya.” Yana dariya har jijiyar ta kusa faɗo mashi.

Maikano ɗan dako na tsaye cikin masu kallo. Ya dubi bayan Sarki, ya dubi mutane, ya ja benci ya zauna ya fara kwance maɓallin rigarsa. Wani direba ya zauna kusa da shi ya ce shi ke biye. Labo ya ɗago kai ya hango ni ina kallo.

Ya ce, “Ke kuma mi kike jira? Rijiya na can. Ruwa zai ƙare mani kafin azahar.”

Na ce ya aiki jikokinsa. Sannan na bar wa mai nama tallata, na ɗauki bokiti.